Naƙasasshe ya koma aiki: mene ne makomar kuɗin naƙasarsa?

Ma'aikacin da ciwo ko haɗari ya kayar, har asusun inshorar ma'aikata ya yanka masa abin da zai riƙa karɓa, idan ya ɗan ji ƙarfi ya koma neman na kansa, shin za a bar masa wannan kuɗi ne ko za a janye? Tambayar ta daɗe tana hana mutane barci a Faransa, ƙasar da muka gaji tsarin asusunmu daga gare ta, har ta sa aka sake doka sau biyu, cikin 2022 da 2023. Mun duba yadda suka yi da ita, da yadda Amurka ta yi, da abin da ya shafe mu a ciki.

Wata ranar Juma'a bayan an taso daga masallaci, a wata rumfa kusa da babbar kasuwar Maradi, wani dattijo ya ja ni gefe. Shekaru da dama ya yi yana tuƙa kamiyo a wani kamfani, kafin ciwon suga ya ci masa ƙafar hagu, likitoci suka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Da yake kamfanin ya yi masa rajista tun ran da ya ɗauke shi, bai tashi a tutar babu ba: yana karɓar kuɗin naƙasa, wanda ko bai taka kara ya karya ba, yana sayen hatsi. To ga shi yanzu wani Alhaji da ya san amanarsa ya ce ya zo ya riƙe masa littafin mangaza, ya riƙa rubuta buhunan wake da na aya da ke shiga da waɗanda ke fita. Aiki ne na zaune, babu ɗaukar kaya, kuma da albashi.

Ya ce mini: «Ɗana, kai da ka yi lakwal, faɗa mini gaskiya. In na karɓi aikin nan aka rubuta sunana, ba za a ce na warke a tsaida ɗan abin da nake samu ba? In kuma Alhaji ya sallame ni bayan wata uku, ina zan sa kaina?»

Na ce masa: «Baba, ba ni kwana biyu in bincika.»

Da na shiga binciken sai na tarar damuwar dattijon nan ta zama ruwan dare. Duk ƙasar da ta kafa asusun tallafa wa naƙasassu ta ci karo da ita. A gefe ɗaya hukuma na son mutum ya tashi ya nemi na kansa. A ɗaya gefen tana tsoron biyan wanda ba ya bukata. Shi kuwa naƙasasshen yana tsakiya yana lissafi, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Ƙafa ɗaya, doka biyu

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, kuɗin naƙasa iri biyu ne, ko da naƙasar iri ɗaya ce. Mu ɗauki direbobi biyu, kowanne ya rasa ƙafa. Na farko motar kamfani ce ta kife da shi yana bakin aiki. Na biyu ciwo ne ya kama shi a gida. A idon jama'a dukansu masu dogara sanda ne, amma a idon doka hanyarsu ta rabu tun daga ƙofar biro.

Na farko diyya ake biyan sa. Tushen wannan a Faransa shi ne dokar 9 ga Afrilu 1898, wadda ta ba ma'aikacin masana'anta da ya ji rauni a bakin aiki haƙƙin diyya ba tare da sai ya tabbatar wa alƙali cewa laifin mai gidansa ne ba. A yau likitan asusu ne ke auna raunin da ya zauna wa mutum bayan jinya, ya ba shi lamba cikin ɗari. Idan bai kai kashi 10 ba, a dunƙule ake biyan sa sau ɗaya. Idan ya kai kashi 10 ko ya haura, sai a yanka masa kuɗin da zai riƙa karɓa muddin ransa, abin da takardun Faransanci ke kira «rente». Lissafin yana da ka'ida: abin da bai wuce kashi 50 ba ana raba shi biyu, abin da ya haura 50 kuma ana ƙara masa rabinsa. Wanda aka auna masa kashi 30 zai sami kashi 15 na albashinsa. Wanda aka auna masa kashi 70 zai sami 25 a haɗa da 30, wato kashi 55. Wannan kuɗi farashin abin da jiki ya rasa ne, don haka komawa aiki ba ta taɓa shi. Ko da mutum ya sami aikin da ya fi na da albashi, diyyarsa na nan. Likita kaɗai ke iya sake ta, idan raunin ya ƙaru ko ya ragu.

Na biyu kuwa, wanda ciwon gida ya kayar, abin da ake ba shi madadin albashi ne, shi ake kira «pension d'invalidité». Kafin a ba shi sai likitan asusu ya shaida cewa ya rasa aƙalla kashi biyu cikin uku na ƙarfin aiki ko na samun abin kansa, kuma ya kasance ya yi wata 12 cikin rajistar asusu. Faransawa sun kasa masu wannan fansho gida uku. Gida na farko, waɗanda har yanzu suna iya taɓa wani aiki, ana ba su kashi 30 cikin ɗari na matsakaicin albashin shekarunsu 10 mafi tsoka. Gida na biyu, waɗanda aka ɗauka ba sa iya wata sana'a, kashi 50. Gida na uku, waɗanda sai da mai kula da su wajen wanka da ci da sa tufafi, kashi 50 da ƙarin kuɗin mai jinya. Doka ba ta hana ko na gida na biyu yin aiki ba idan ya sami wanda jikinsa zai ɗauka. Sai dai fanshon na wucin gadi ne, ana iya sake duba shi kowane lokaci, kuma tunda albashi yake tsaya wa, ranar da albashi ya dawo sai asusu ya ɗauko alƙalaminsa.

Kura da shan bugu

Yadda alƙalamin ke yanka shi ne gundarin magana. Har zuwa ƙarshen watan Maris 2022, ka'idar Faransa ita ce: a haɗa fansho da sabon albashi, idan jimillar ta zarce albashin da mutum ke karɓa kafin ya kwanta ciwo, har aka yi wata shida a jere a haka, to duk abin da ya haura za a zare shi daga fansho, kwabo da kwabo.

Ga misali domin a gane. Wata ma'aikaciya tana karɓar yuro 2.000 a wata kafin ciwo ya kama ta. Yuro ɗaya tamma 655,957 ne na sefa, saboda haka kuɗin sun tasam ma miliyan ɗaya da jika 312; kada adadin ya ruɗe mu, can hayar ɗaki kaɗai na iya cinye kaso mai yawa a ciki. An sa ta a gida na farko, ana ba ta yuro 600. Ta koma aikin rabin yini ana biyan ta 1.400. Jimilla 2.000, daidai da albashinta na da, babu abin da aka taɓa. Bayan shekara ta ji sauƙi, mai gidanta ya ƙara mata awoyi, albashi ya koma 1.800. Jimilla ta zama 2.400, ta haura da 400. Asusu sai ya zare 400 ɗin nan daga fansho, ya bar mata 200. A ƙarshen wata abin da ke hannunta 2.000 ne, tamkar ba ta ƙara ko minti ɗaya ba. Ta ƙara tashin asuba, ta ƙara gajiya a kan jikin da ba shi da cikakkiyar lafiya, riba kuwa ta tafi aljihun asusu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mai hankali ba ya yin irin wannan ciniki sau biyu. Abin da ya biyo baya shi ne, mutane suka riƙa ƙin ƙarin awoyi da ƙarin girma, suna tsayawa daidai bakin layi. Asusun da ya yi niyyar tsimi sai ya ci gaba da biyan cikakken fansho ga mutanen da da sun iya ɗauke masa rabin nauyi.

Garin gyaran gira

Dokar gwamnati ta 23 ga Fabrairu 2022, wadda ta fara aiki ran 1 ga Afrilu na wannan shekara, ta zo ne domin warware wannan ƙulli. Ta kawo sauyi uku. Na ɗaya, abin da ya haura layi rabinsa kaɗai za a zare. Ma'aikaciyar da muka yi misali da ita za a rage mata 200 maimakon 400, ta tashi da 2.200, kowane ƙarin aiki yana barin wani abu a hannunta. Na biyu, wajen ja layin ana zaɓar wa mutum wanda ya fi masa alheri tsakanin albashin shekararsa ta ƙarshe da matsakaicin shekarunsa 10 mafi tsoka, domin sau da yawa shekarar ƙarshe ita ce wadda ciwo ya riga ya fara cin aikin. Na uku, ana duba kuɗin wata 12 ne gaba ɗaya.

Da an tsaya nan da sai sambarka. Amma masu rubuta dokar sun saka wani sharaɗi da mutane da yawa ba su lura da shi ba sai da wasiƙu suka fara isa gidaje: layin ba zai wuce wani rufi da asusun Faransa ke yankewa kowace shekara ba, wanda a 2022 yake yuro 41.136 a shekara, wato 3.428 a wata. Ga ƙaramin ma'aikaci wannan bai canja kome ba. Ga injiniya ko babban akawu kuwa abin ya zama masifa. Ɗauki wanda albashinsa na da 5.000 ne, yana karɓar fanshon yuro 1.028, iyakar abin da gida na farko ke bayarwa a lokacin, ya koma aiki ana biyan sa 3.900. A tsohuwar ka'ida jimillarsa ba ta kai 5.000 ba, ba a taɓa shi. A sabuwa an ja masa layi a 3.428, ya haura da 1.500, aka zare rabi, fanshonsa ya faɗo zuwa 278. Waɗanda suka fi shi albashi nasu ya koma sifiri. Kuma ba a nan ta tsaya ba: yawancin irin waɗannan ma'aikata suna da wata inshora ta kamfani da ke cika musu gibi, wadda sau da yawa sharaɗinta shi ne mutum ya kasance yana karɓar fanshon asusu. Da wannan ya tsaya, sai waccan ma ta tsaya. Garin gyaran gira aka tsone ido.

Ƙungiyoyin naƙasassu suka yi ca, cikinsu har da FNATH, tsohuwar ƙungiyar waɗanda suka ji rauni a bakin aiki da aka kafa tun 1921. Hujjarsu mai sauƙi ce: dokar da aka ce an yi ta domin ƙarfafa komawa aiki, ta hukunta ainihin waɗanda suka fi kowa ƙoƙarin komawa. Gwamnati ta ja da baya. Wata dokar ta 28 ga Yuli 2023 ta ɗaga rufin zuwa ninki ɗaya da rabi, wato yuro 65.988 a shekara bisa lissafin 2023. Wannan ya fid da mafi yawa daga cikin rami, ko da yake watannin da suka yi cikin ƙunci sun riga sun yi su.

Wanda bai taɓa zuba kuɗi a asusu ba

Duk abin da muka faɗa ya shafi ma'aikacin da ya yi shekaru ana cire masa kuɗin asusu daga albashi. Wanda aka haifa da naƙasa, ko ta same shi tun yana yaro, Faransa ta tanadar masa wani tallafi dabam mai suna AAH, wanda dokar 30 ga Yuni 1975 ta kafa, zamanin da Simone Veil ke ministar lafiya. A Afrilu 2025 cikakkensa ya kai yuro 1.033 a wata. A nan an gina matakala tun daga farko. Wanda ya sami aiki, wata shida na farko yana haɗa albashi da cikakken tallafi, ba a taɓa kome. Bayan haka, daga kason farko na albashinsa, wanda bai wuce kashi 30 cikin ɗari na albashi mafi ƙanƙanta na ƙasa ba, kashi 20 kaɗai ake lissafawa. Daga sauran kuma kashi 60. Kowane wata uku yana sanar da abin da ya samu, a sake lissafi. Tallafin yana raguwa a hankali yayin da albashi ke hawa. Tun 1 ga Oktoba 2023 kuma an daina lissafa kuɗin miji ko na mata a ciki, abin da a da kan sa naƙasasshe ya rasa tallafinsa don kawai abokin zamansa ya sami aiki.

Duk da haka akwai sauran tarko. Wanda naƙasarsa ke tsakanin kashi 50 da 79 ana ba shi tallafin ne bisa sharaɗin cewa tana hana shi samun aiki ƙwarai da gaske. Idan ya riƙe aikin da ya kai rabin lokaci ko ya fi, ana iya cewa sharaɗin ya faɗi, tallafin ya tafi gaba ɗaya.

Amurka: gaɓa mai zurfi, igiya mai tsawo

Domin a ga wata hanyar dabam, mu leƙa Amurka, inda aka kafa inshorar naƙasa ta ma'aikata a 1956. Su ba su da gida uku: ko mutum ya naƙasa gaba ɗaya a ba shi, ko bai naƙasa ba a hana shi. Ma'aunin shi ne wani adadi na kuɗi da ake sakewa kowace shekara. A 2025 dalar Amurka 1.620 ce a wata, ga makafi kuma 2.700, dalarsu muke nufi, ba tamu ta tamma biyar ba. Wanda ke iya samun abin da ya haura haka da guminsa, a idon doka ba naƙasasshe ba ne. Ya haura da dala ɗaya, kuɗin watan duka sun tafi. Su kansu Amurkawa suna kwatanta abin da gaɓar dutse, taki ɗaya ke raba mutum da faɗawa.

Sanin haka ya sa suka ɗaura wa mai son gwadawa igiya. Da farko yana da watanni 9 na gwaji, ba dole su zo a jere ba, cikin tsawon wata 60. A cikinsu ko nawa ya samu ana biyan sa cikakken kuɗinsa. Bayan sun ƙare yana da wata 36 waɗanda duk watan da samunsa ya faɗo ƙasa da ma'auni za a biya shi ba tare da sabuwar takarda ba. Inshorar jinyarsa tana ci gaba aƙalla wata 93 bayan gwajin, abu mai girman gaske a ƙasar da kwanan asibiti kan talauta mai gida. Idan an rufe takardunsa saboda aiki, ciwon kuma ya sake kada shi cikin shekaru 5, yana iya neman a mayar da shi da gaggawa, a riƙa biyan sa har wata shida kafin a gama bincike. Wasu daga cikin waɗannan tanade-tanade sun zo ne da dokar da shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu ran 17 ga Disamba 1999, wadda ita kanta ta rubuta a gabatarwarta cewa waɗanda ke barin tallafi su koma aiki ba su kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Akwai wani darasi daga can da bai kamata a ɓoye ba. Daga 2011 hukumar inshorarsu ta gwada, a wasu yankuna, maye gurbin gaɓar da matakala irin ta Faransa: duk dala biyu da mutum ya haura, a rage masa ɗaya. Rahoton ƙarshe da ya fito a 2018 ya nuna cewa matsakaicin abin da mutane ke samu da guminsu bai ƙaru a zo a gani ba, kuɗin da hukuma ke biya kuwa ya ƙaru. Ma'ana, gyaran lissafi yana cire zalunci, amma shi kaɗai ba ya haifar da aiki. Sai jiki ya yarda, sai kuma an sami mai ɗaukar ma'aikaci da zai buɗe ƙofa.

Mu dawo gida

Asusun CNSS, wanda aka kafa a 1965, da reshensa na fansho da ya biyo baya a 1967, a kan wancan tubali na Faransa aka gina su. Rabuwar nan ta gida biyu tana nan: haɗarin aiki da cututtukan sana'a reshensu dabam, naƙasar da ciwon gida ya kawo kuma tana ƙarƙashin reshen fansho. Mai neman fanshon naƙasa sai ya yi shekaru 5 cikin rajista, ya kuma zuba kuɗin wata 6 cikin wata 12 da suka gabaci naƙasar, sannan likita ya shaida ya rasa kashi biyu cikin uku na ikon samun abin kansa. Ma'aikatan gwamnati tasu hanyar dabam ce, dokar aikin gwamnati ce ke tafiyar da jinyarsu, fanshonsu kuma yana hannun asusun CARENI.

Wannan kashi biyu cikin uku shi ne inda gizo ke saƙa. Idan aka juya maganar, naƙasasshe a idon doka shi ne wanda ba ya iya samun fiye da sulusin abin da tsaransa a sana'a ke samu. To mu yi lissafi da kuɗinmu. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda a biya ma'aikaci ya koma jika 42 tun Janairu 2024. Direban da tsaransa ke karɓar jika 90, sulusinsa jika 30 ne. Duk wani cikakken aiki mai rajista da zai samu, ko gadi ne, ya haura wannan. Sai wanda tsaransa ke karɓar sama da jika 126 ne ƙaramin albashi zai bari a ƙarƙashin layi. Ashe ke nan tsoron dattijon nan na Maradi yana da tushe, kuma ƙaramin ma'aikaci, wanda ya fi kowa bukatar haɗa biyun, shi ya fi kusa da bakin gaɓa.

A ɓangaren buɗe ƙofa, dokokinmu ba su yi shiru ba. Dokar 2 ga Maris 1993 kan kare haƙƙin naƙasassu ta wajabta wa duk ma'aikata ko kamfani mai ma'aikata 20 ko fiye ya keɓe musu kashi 5 cikin ɗari na gurabun aiki. Faransa kashi 6 ta sa a dokarta ta 1987. Dokar ƙwadago ta 2012 ta sake jaddada kashi 5 ɗin wajen ɗaukar ma'aikata, wata dokar ta Disamba 2019 kuma ta shimfiɗa ka'idojin shigar da naƙasassu cikin harkokin rayuwa. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda aya ta 27 a cikinta ta ambaci shirye-shiryen riƙe aiki da na komawa aiki ƙarara. Abin da ya rage shi ne hannun da ke kiran mutum zuwa aiki da hannun da ke biyan sa fansho su san da juna, kada ɗaya ya riƙa ja ɗaya na turewa.

Kada kuma mu manta cewa mafi yawan naƙasassun ƙasar nan ba su da abin da za a yanke musu tun farko. Manomi, makiyayi, ɗan tebur, ɗan kabu-kabu, ranar da suka faɗi asusunsu shi ne dangi da maƙwabta da zakkar masu hali. Wannan ya ƙara nuna darajar rajista. Ɗan kasuwar da ya rubuta yaransa a asusu ya saya musu rumfar da za su fake ranar da ba a fata.

Jarabar aiki a ɓoye

Mafita mafi sauƙi da kowa zai fara kawowa ita ce: ka karɓi aikin, kada a rubuta sunanka, wa zai sani? Dabara ce mai tsada. Wanda ke aiki ba rajista, idan buhu ya faɗo masa a mangaza, zai sha wuya kafin ya tabbatar da haƙƙinsa na diyya. Watannin da ya yi ba sa shiga lissafin fanshon tsufansa. Idan kuma asiri ya tonu, asusu ko na wace ƙasa ne yana da ikon neman a mayar masa da abin da ya biya ba bisa ka'ida ba; a Faransa da Amurka wasiƙar neman mayar da kuɗi na cikin abubuwan da naƙasassu suka fi tsoro, domin takan zo ne bayan an riga an ci kuɗin. Shi ma mai gidan da ya ɗauki ma'aikaci bai sanar ba ya taka doka.

Abin da tarihin ƙasashen nan biyu ya koya mana bai wuce uku ba. A rage kuɗi daki-daki, yadda kowane ƙarin gumi zai bar wani abu a hannun mai shi. A ba mutum lokacin gwaji da tabbacin cewa idan jiki ya ƙi, zai koma matsayinsa ba tare da ya sake bin layi daga farko ba. A kuma bayyana ka'idar da harshen da mai ita zai gane, tun kafin ya sa hannu. Waɗannan batutuwa ne da ya dace ƙungiyoyin ƙwadago da na masu ɗaukar ma'aikata, waɗanda ke da wakilai a majalisar gudanarwar asusu, da ƙungiyoyin naƙasassu su ɗora bisa tebur.

Juma'ar da ta zagayo na koma rumfar. Na ce wa dattijon: «Baba, fara duba takardar da aka ba ka ran da aka yanka maka kuɗin nan, ka ga sunan da aka kira su da shi. In diyyar haɗarin aiki ce, magana dabam. In fanshon naƙasa ne, kamar yadda nake zato tunda ciwo ne, to kada ka sa hannu a kome tukuna. Rubuta wa asusu takarda, ka faɗi irin aikin da awoyinsa da albashin, ka nemi amsa a rubuce, ka ajiye kwafi mai hatimi. Ka kuma tambayi Alhaji ko zai yarda ku fara da rabin yini.»

Ya yi shiru yana juya sandarsa, sannan ya ce: «Ni ba kuɗin Alhaji kaɗai nake so ba, ɗana. Shekara uku ke nan ina zaune ƙofar gida ina ƙidayar masu wucewa. Ina so in tashi da safe in san akwai inda ake jira na.»

Takardar tasa mun rubuta ta tare a ranar, Alhaji kuma ya ce zai jira. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mahukunta su dubi wannan batu da idon rahama.